Ciyawar Ayi da Alwalar Mutum Biyar

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A shago, a majalisa, har a wurin ɗaurin aure: "Habu, ya China?" "Habu, da gaske suna cin maciji?" "Habu, ina tsarabata?" To ku gyara zama, sau ɗaya zan faɗa, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji. Kuma tun yanzu na san ba za ku yarda ba. Mu biyar, magidanta, kowa da gemunsa da iyalinsa, da mai masaukinmu na shida, saura ƙiris a watso mana kaya a titin Guangzhou saboda wata ciyawa da ba ta kai gwiwata ba. Wanda ya ce ƙarya ce ya zo na ba shi lambar Alhaji Mamane, amma da katinsa zai kira, ba da nawa ba.

Daga Kano muka tashi sai Addis. Can muka zauna jiran jirgi na biyu har na haddace fuskar duk mai shara a wurin. Jirgin China kuwa, malam, ka yi barci ka tashi, ka ci abinci, ka sake barci, ka tashi, ka tambaya a ce maka yanzu aka yi rabi. Wanda ke kusa da ni wani ƙaton Bayarabe ne mai sayen injinan niƙa. Tun kafin mu tashi ya mai da kafaɗata filo. Da muka sauka ya yi miƙa ya ce mini ashe tafiyar ba wahala. Na ce ai dole.

A filin jirginsu, kafin ka ga ɗan Adam sai ka gaisa da na'ura. Ka ɗora yatsu huɗu, ta yi magana, ka ɗora na ɗaya hannun, ta sake magana. Nawa yatsun ta ƙi karɓa har sau uku, don shekara ashirin ina ɗaure dila a kasuwar Kwari, zanen ya goge. Sai da na hura musu iska na goga a goshi sannan ta yarda ni mutum ne. Aka buga mini hatimi, na ɗauki jakata ina murna, sai ga wani ɗan kare mai kunnuwa har ƙasa, da riga a jikinsa kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna gaban jakar ya ƙi tashi. Matata Maman Ummi ta naɗe mini kilishi a cikin zanin gado, wai ba mai gani. Ma'aikacin ya zaro shi, ya nuna mini allo mai hoton nama da jan layi a kai. Ina ji ina gani kilishin nan ya tafi. Sai ya kai hannu kan wani ƙullin ya kwance. Daddawa ce. Ya kai hanci sau ɗaya, ya ja baya taku biyu, ya ƙulle ta da hannunsa, ya yi mini alama na wuce. Karen ma bai raka ni ba.

Alhaji Mamane na jirana a waje. Mutumin Maraɗi ne, ya fi shekara goma a can, yana da ofis a Tianxiu, wani dogon gini da ke cike da shagunan 'yan Afirka. Aikinsa ya kai ka masana'anta, ya yi maka ciniki da Sinanci, ya haɗa maka kaya a kwantena, ya kuma ba ka katifa a gidansa. Dogo ne siriri, ba ya dariya sai ta zama dole.

Ya ce, "Bakano, ka iso lahiya? Ina kilishina?"

Na ce, "Yana wurin wani kare mai riga."

Ya ce, "Bon. Mu tahi."

Muka shiga jirgin ƙasa da ke bi ta ƙarƙashin gari. Na yi sallama da ƙarfi kamar yadda aka koya mana a gida. Mutum ya fi ɗari a ciki, ba wanda ya ɗago kai daga waya. Wani tsoho ne kaɗai ya taso, ya ɗauki hoton hulata, ya koma ya zauna. Ni kaina bai kalle ni ba.

Gidan yana unguwar Sanyuanli, cikin wani lungu da ya fi na cikin birni matsi, hawa na shida, babu lif. Kafin na cire takalmi ya ja ni ofishin 'yan sanda aka rubuta sunana da adireshin gidan, aka ba ni takarda. Ya ce a ƙasar nan baƙo ba ya kwana inda ba a rubuta shi ba. Kuma samun mai gidan da zai yarda ya ba baƙar fata haya, ana shiga da fita da dila kullum, ba ƙaramin aiki ba ne. Shi kansa ya yi wata da watanni yana yawo kafin ya samu wannan. In ya rasa gidan, ya rasa wurin sauke baƙi, kuma baƙin su ne sana'arsa.

Na tarar da mutum huɗu a gidan, duk 'yan kasuwa. Babbansu Alhaji Iro na Yamai, mai sayen kofuna da butocin shayi, mutumin da ba ya motsi sai da tasbaha. Muka gaisa, aka nuna mini katifata. Sai Mamane ya ce na biyo shi baranda.

Wata tukunya ce a kusurwa, girman tukunyar miyar suna, an ɗora ta a kan faranti. A ciki wata ciyawa ce mai ƙananan ganye, masu ɗan gashi-gashi idan ka shafa, ta yi furanni ƙanana ruwan hoda mai sirkin shunayya. Ƙudan zuma biyu na ta shiga suna fita, har hawa na shida, ban san wa ya ba su adireshi ba. Na murza ganye ɗaya na shinshina. Kamar na'a-na'a, amma ta fi ta nauyi, kamar na'a-na'ar da ta je makaranta.

Mamane ya buge mini hannu. "Bakano, ka ga hakin ga? Shi ke da gidan ga, ba ni ba."

Ya ba ni labari. Mai gidan wata tsohuwa ce, suna ce mata Ayi, kamar mu ce Goggo. 'Yarta da ke aure a ƙasar Turawa ta kawo wa babanta irin, shi ya shuka, ya yi ta fama da ita shekaru har ta kama, sannan ya rasu. Tsohuwar ta koma wani sabon gini inda rana ke dukan baranda tun safe har yamma, ciyawar ta fara ƙonewa, sai ta dawo da ita nan, kusurwar da hasken safe kawai ke kaiwa. Sharaɗin hayar ɗaya ne: ciyawa ta rayu. Duk ƙarshen wata takan hawo benen nan da ƙafarta ta duba ta. Ranar da ciyawar ta mutu, ranar Mamane zai tattara kayansa.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Alhaji, ni ka samu. Kakana manomin lambu ne a Kura. Mu a gidanmu ko muciya muka kafa a ƙasa sai ta yi ganye."

Wallahi kakana dukanci yake yi. Ban san abin da ya kai bakina ba.

Kwanakin farko kasuwa muka yi ta yi. Na koyi kalma uku: ni hawo, wato sannu, lawban, wato oga, da meyo, wato babu. Ta ukun ita na fi ji. Abinci kuwa, akwai shagunan Musulminsu masu farar hula, inda mutum zai ja ƙullin fulawa da hannu, ya lanƙwasa, ya ja, kafin ka ƙifta ido ta zama taliya. Aka ba ni tsinke biyu na ci da su. Na kama taliyar ta zille, na sake kamawa ta mari gemuna. Na ajiye tsinken na yi bismillah da hannu, duk shagon aka daina ci ana kallona. Na nemi ruwan sanyi, aka kawo mini ruwan zafi a kofi, ba ganyen shayi, ba sukari, kamar wanda ya haihu jiya. Wai shi ne lafiya. Kuma mutanen da suka ja baya don daddawata, na wuce wani lungu inda suke soya wani awara da warinsa zai tashi gawa, ga layi har titi.

Rana ta biyar Mamane ya ce zai tafi garin Yiwu da wasu baƙi, kwana goma. Ya tsaya da jaka a hannu ya yi mini karatu kamar mai barin wasiyya. Kada a ba ta ruwa sai na cusa yatsa a ƙasar har gaɓa biyu na ji ta bushe. Kada ruwa ya kwanta a farantin. Kada a matsar da ita rana. Furen da ya bushe a tsinke shi. Kada kowa ya sa ganyenta a shayi, ya faɗi wannan yana kallon Alhaji Iro.

Na ce, "Alhaji, je ka. Kafin ka dawo sai ka sunkuya za ka shiga barandar nan."

A raina kuwa cewa nake, mutanen nan rowarsu har ta kai ga ruwa. Shuka ce, a ce sai ta yi ƙishi?

To ga inda abin ya faro. Banɗakin gidan ɗaya ne, kuma in ka shiga ka miƙe hannu biyu ka taɓa bango biyu. Masai da wurin wanka duk rami ɗaya. Mu biyar, kowa da butarsa, lokacin salla sai layi. Alhaji Iro kuma ba ya son alwala a inda ba zai iya ambaton sunan Allah ba, kullum cikin mita yake. Sai na tuna gidanmu. Innata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa alwala ruwan ya tafi a banza ba. A gindin lemon tsakar gida take yi, mu ma nan ta koya mana, kuma lemon nan har maƙwabta na ci. Kowane gida a unguwarmu akwai bishiyar da alwala ta raina.

Na ce, "Jama'a, me ya sa muke wahala? Ga tukunya a baranda. Ga lada, ga ban ruwa."

Alhaji Iro ya ce, "Wallahi Bakano, yau ka yi magana."

Ku lissafa da kanku. Mutum biyar, salla biyar. Kuma alwalar Alhaji Iro ba irin tawa ba ce, shi mai waswasi ne, in ya kai ƙafa sai ya yi shakkar ko ya wanke fuska, ya koma farko. Buta biyu yake ƙararwa. Farantin ya cika ya tumbatsa, ruwa na zuba ƙasa. Wani tsoho a hawa na biyar ya leƙo yana ɗaga murya yana nuna sama. Na ɗaga masa hannu na ce, "Ni hawo!" Ya ƙara ɗaga murya. Na ce wa Alhaji Iro ka ga mutanen nan akwai son gaisuwa.

Kwana uku ciyawa ta yi shar, na riƙa ɗaukar hoto ina tura wa Mamane. Kwana biyar ganyen ƙasa suka fara rawaya. Na ce ƙishi ne, a ƙara. Kwana shida ta langaɓe. Na ce sanyi ne ya kama ta, na ja tukunyar bakin ƙarfe inda ranar azahar ke sauka. Na juye mata guntun ganyen shayi don ta samu ƙarfi. Kwana takwas na fito da safe, furanni duk sun zube, karan ya yi baƙi daga ƙasa, tukunyar na wari kamar kwatar bayan kasuwa. Ƙudan zuman ma sun daina zuwa.

Alhaji Iro ya tsaya a kaina da tasbaha. "Bakano, ba kai ka ce kakanka manomi ne ba?"

Na ce, "Manomin shinkafa ne."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikin baƙin, kayansa na masana'anta ba a gama ba, dole sai ya ƙara wata guda a gidan. Wani kuma takardarsa ta 'yan sanda mai adireshin nan ya kai wurin neman ƙarin kwanakin biza. Ni kaina sai a lokacin na tuna fuskar Mamane da yake ba ni labarin yawon neman gida. Mutumin nan ya ba ni katifa, ya ba ni amana ɗaya tak.

Na tsinki reshe ɗaya na shiga tasi sai kasuwar furanni. Malam, kasuwa ce da ta fi Dawanau girma, ba abin da ake sayarwa sai shuka. Akwai bishiyar da ta girmi kakana amma tana cikin kwano. Na bi rumfa-rumfa ina nuna reshen. "Lawban?" A shinshina, a girgiza kai. "Meyo." Na ji meyo ya fi sau hamsin. Daga ƙarshe wata mata ta ba ni tukunyar na'a-na'a ta gida, irin wadda muke sa wa a shayi. Na ɗauko na kawo, na ce tsohuwa ce, idonta ya yi rauni.

Alhaji Iro ya kalli wannan ya kalli waccan. Ya ce, "Ko makaho ya shafa ya san ba ita ba ce. Amma kawo, ta yi shayi."

A wurin shan shayin ne wani ya tuna da Malama Hajara. Ɗaliba ce, tana digiri na uku a fannin noma a wata jami'a a garin, ranar hutu kuma takan yi wa 'yan kasuwa tafinta. Na kira ta. Da na ji muryarta gabana ya faɗi: Bazazzagiya ce. Duk faɗin China, a rasa wanda zai cece ni sai mutumin Zariya.

Ta zo da yamma tare da maigidanta, wani bawan Allah mai shiru, shi ma ɗalibi. Ta duƙa gaban tukunyar, ta danna ƙasar da yatsa, ruwa ya ɓulɓulo.

"Sau nawa kuke ba ta ruwa?"

Na ce, "Daidai gwargwado."

Alhaji Iro ya ce, "Ashirin da biyar. Ban da nafila."

Ta juyo a hankali. Aka gaya mata komai. Maigidanta ya fita ƙofa, muna jin dariyarsa a matattakala.

Ta ce, "Kai Bakano, ku dai in ba ku cika abu ba ba kwa jin daɗi. Wannan kalaminta ce, 'yar'uwar na'a-na'a. Asalinta bakin kurmin ƙasar Turawa, a gangare, cikin ƙasa mai duwatsu da alli, inda ruwa ke wucewa ba ya kwana. A garin nan mai gumi, da ƙyar take numfashi ko ba ku. Tsohon da ya raya ta gwani ne. Lemon gidanku a ƙasa yake, ruwan na da wurin zuwa. Wannan a tukunya take. Kun mai da ita kududdufi."

Na ce, "Ranki ya daɗe, yau Zariya ce gaba da Kano. Ki taimaka."

"Maimaita, maigida bai ji ba."

Na maimaita. Allah ya gani, dole ce.

Ta sa aka shimfiɗa buhu, ta kifar da tukunyar. Saiwar ta yi baƙi ta yi laushi kamar taliyar da ta kwana. Ta karɓi almakashin da nake yanka samfurin yadi da shi, ta tsoma a ruwan zafi, ta bi ta yanke duk ruɓaɓɓen, sai ɗan abin da ya rage fari mai ƙarfi, bai fi tafin hannu ba. Ta aske saman har ya rage kamar tsawon yatsa. Ta aike ni na nemo yashi da tsakuwa da sabuwar ƙasa, ta sa Alhaji Iro, da girmansa, ya daka ɓawon ƙwai a turmin yaji, wai shi zai maye gurbin alli. Aka zuba tsakuwa a gindin tukunya, aka dasa, aka mai da ita inuwarta, aka kifar da farantin.

Daga cikin rassan da ta yanke ta zaɓi shida masu sauran rai a kai. Ta yanke kowanne daga ƙasan gaɓa, ta zage ganyen ƙasa, ta ce a kawo ƙananan kofunan gilashi. Babu wasu a gidan sai na shayin Alhaji Iro, guda shida, waɗanda ya zo da su tun daga Yamai a cikin akwatinsu. Ya miƙa su kamar mai ba da 'yarsa aure. Ta zuba ruwa kaɗan ta tsoma rassan.

Na ce, "To Malama, ba kin ce ruwa ne ya kashe ta ba?"

"Wannan duk kwana biyu za a zubar a sa sabo. Naku kwanciya ya yi ya ruɓe. Kuma ba kai za ka canza ba, Alhaji zai yi. Kai ko atishawa kada ka yi a barandar nan."

Kwana biyu bayan nan Mamane ya dawo. Bai ajiye jaka ba ya wuce baranda. Ya dubi kututturen, ya dubi kofunan. Na shirya jawabi mai tsawo, amma da ya juyo sai na ga idonsa ya yi ja. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Saura kwana goma sha biyu Ayi ta zo." Washegari na ji shi a waya yana tambayar dillalai ko akwai gida. Duk wanda ya kira, meyo.

A cikin kwanakin nan aka kai ni tashar jirgin ruwa ta Nansha na ga inda ake loda kwantenarmu. An jera su kamar duwatsu, injina na ɗaga su kamar kwalin ashana, jirgin ruwa ɗaya ya fi unguwarmu tsawo. Duk wanda ya je yana dawowa da labari. Ni ban ga komai ba. Ina tsaye ina tura wa Alhaji Iro saƙo: "An ga saiwa?" Ya amsa: "Biyu sun mutu." Kafin mu kai gida ya sake turowa: "Uku." Muka koma shan shayi a murfin fulas, muka koma layin banɗaki, ba mai mita. Kullum da safe mu shida mu tsaya a ƙofar baranda muna leƙen kofuna kamar masu jiran mai naƙuda.

Ranar ta zo. Mamane ya roƙi Malama Hajara ta zo ta yi tafinta, ya ce Sinancinsa na ciniki ne, ba na ban haƙuri ba. Wajen hantsi muka ji takun sanda a matattakala. Wata 'yar tsohuwa ce da ba ta kai kafaɗata ba, gashi fari tas, da 'yar jaka a hannu. Ba ta kalli kowa ba ta wuce baranda. Ta ga kututture a tukunya, ta ga kofuna, huɗu babu komai, biyu da rassa.

Shirun ya yi yawa, bakina kuma kun san shi. Na ce, "Malama, gaya mata haihuwa ta yi. A ƙasarmu haka manyan manoma ke yi, sai a aske uwa a raba 'ya'yan."

Malama Hajara ta ce, "Da gaske na faɗa?"

"Faɗa mana."

Ta faɗa. Ayi ta buɗe jakarta ta zaro wata takarda ta miƙa mata. Malama ta duba, ta cije leɓe.

"Daga tsohon hawa na biyar ne. Yana da tsuntsu a keji a barandarsa. Ya rubuta lokutan da ruwa ke zubo wa tsuntsun, kwana takwas a jere. Asuba, azahar, la'asar, magariba, isha. Har da minti. Wai daga baya ya daina duba agogo, in lokaci ya kusa sai tsuntsun ya koma lungun keji da kansa."

Alhaji Iro ya ce, "Subhanallahi, ya fi ladanin unguwarmu."

Ba yadda zan yi. Na cire hula na faɗi gaskiya. Na ce Mamane ya gaya mini komai, ni na ƙi ji. Na ba ta labarin innata da lemon tsakar gida, yadda ba ta yarda ruwan alwala ya tafi a banza. Na ce in kora ce ni za a kora, jibi ma zan tafi, shi ba ruwansa.

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Ta ɗauki kofi ɗaya ta ɗaga shi a haske. Daga gaɓar reshen wasu fararen zare uku sun fito, ba su kai tsawon farce ba. Ta ɗauki na biyun, shi ma haka. Ta duƙa da ƙyar gaban tukunyar, ta ture ƙasa da ɗan yatsa. A gindin kututturen akwai wani ɗan kore kamar kan ashana, wanda mu shida da leƙenmu ba mu gani ba. Ta shafi ganyen reshen a hankali ta kai yatsun hancinta, ta rufe ido. Ta faɗi wata magana ƙasa-ƙasa. Malama Hajara ma ƙasa-ƙasa ta fassara: wai haka hannun mijinta yake ƙamshi duk safiya.



Sannan ta miƙe ta nuna Mamane da sanda ta yi magana mai tsawo. Malama ta fassara: wai ya ci gaba da zama a gidan. Amma a sa wa ƙofar baranda kwaɗo, mabuɗi ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurinta. A sayo robar wanki babba a ajiye a falo don alwala. A kai wa tsohon hawa na biyar haƙuri, da abincin tsuntsu. Rassan nan biyu kuma, in saiwarsu ta yi tsawon yatsa, Malama ce za ta dasa, ba wani ba. Mamane ya sauke numfashin da ya riƙe kwana goma sha biyu, yana ta "shishe, Ayi, shishe," wato godiya, har da rusunawa.

Da a nan na yi shiru da na fita da sauran mutuncina. Amma na ga fuskarta ta ɗan saki, na ce bari na gwada. Na ce, "Malama, gaya mata tunda biyu ne suka kama, ta ba ni ɗaya na kai Kano. Yanzu ai na ƙware."

Mamane ya dafe kai. Malama Hajara ta fassara, da murmushi har kunne. Ayi ta kalle ni daga hula har silifa, ta faɗi kalmomi kaɗan, ta juya ta kama hanyar matattakala. Malama ta gyara murya, don duk gidan ya ji:

"Ta ce in kana son abin da za ka shayar sau ashirin da biyar a rana, ka sayi kifi."